Magidanci a Ajin Baftisma: Doguwar Hanyar Manya Zuwa Katolika

A ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, ba jarirai kaɗai ake kawowa baftisma ba. Akwai magidanta da matan aure, har da masu furfura, waɗanda suka tashi a gidajen Maguzawa ana yi wa kan gida yanka, yau ga su zaune gaban katikist suna haddace addu'o'i. Mu da aka yi wa baftisma muna goye, ya kamata mu san nauyin da waɗannan 'yan'uwa suke ɗauke da shi.

Waɗannan ƙauyuka suna ƙarƙashin Dayosis na Kano ne, wanda aka yanke daga Kaduna a 1991, ya zama cikakken dayosis a 1999 a zamanin Bishop Patrick Sheehan. Amma ƙa'idar karɓar manya iri ɗaya ce a duk duniya. Babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya umarci a maido da tsohon tsarin koyar da manya, aka kuma fitar da shi a 1972.

Ga yadda yake. Da farko mutum zai zo ya saurara, ya yi tambayoyinsa. In ya amince, sai a karɓe shi cikin masu koyo a gaban jama'a, a yi masa alamar gicciye a goshi. Koyon yakan ɗauki shekara ko fiye. A Lahadin farko na azumi ake rubuta sunayen waɗanda suka shirya, a yi musu addu'o'i na musamman a Lahadi na 3 da na 4 da na 5. A daren Ista kuwa su karɓi baftisma da ƙarfafawa da Jibin Ubangiji gaba ɗaya. Wanda ya fito daga wata ikilisiya kamar ECWA ko Angilika, in an yi masa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a sake masa.

To, me ya sa ba a gaggawa? Domin baftismar magidanci takan taɓa gida duka. Inda abin ya fi zafi shi ne maganar mata. Dokar ikilisiya ta 1983, a sashe na 1148, ta ce mai mata da yawa waɗanda ba su da baftisma zai riƙe ɗaya ce tak. In zama da uwargida zai yi masa wuya, yana iya riƙe wata daga cikinsu. Dokar ta kuma ɗora wa bishop ya tabbatar an biya bukatun sauran matan bisa adalci da ƙauna. Faɗar wannan da sauƙi, amma ku dubi matar da ta haifi 'ya'ya biyar a gidan, ta yi noma a gandunsa shekara ashirin. Shi ya sa za mu ga dattijo yana zuwa sujada shekara da shekaru, bai karɓi baftisma ba. Kada mu yi masa kallon mai taurin kai, domin haƙƙin mutane ne a wuyansa.

Saboda haka aikin ya fi ƙarfin Fada da katikist su kaɗai. Wanda ya yarda ya zama uban baftisma ko uwar baftisma, ya riƙa leƙa gidan, ko da damina ta hana zuwa aji. Zumuntar mata ta rungumi matar da lamarin ya shafa, a tabbata ɗakinta da hatsinta da karatun 'ya'yanta ba su salwanta ba. Wanda dangi suka janye masa hannu a gona, matasanmu su kai masa gayya. Da haka sabon ɗan'uwa zai san dangi ya samu a cikinmu. Allah ya ba mu ikon riƙe su, amin.