Maganin Naƙuda da Wankan Jego: Abin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

A wannan fitowa mun ajiye zancen iri da taki, domin mu ɗauki wata magana da ta ke jawo gardama a taron zumuntar mata da bakin rijiya, a Dandin Mahe da sauran garuruwan ƙasar Shagari da Bodinga. Waɗansu mata sun ce ba su zuwa asibiti haihuwa, gama da zarar an je sai a ɗaura wa mace ruwan naƙuda, ko a yi mata aiki. Waɗansu kuwa, in naƙuda ta yi tsawo, sai a aiki yaro kemis ya sayo allura ko ƙwaya a ba ta a ɗaki. Tsofaffi kuma suna nan a kan bakansu, jiƙo da haƙuri. Maza su ne masu ba da izini da kuɗin mota, saboda haka maganar ta shafe su.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, cikin haihuwa goma ko ɗaya ba ta cika ba wadda aka yi a asibiti. Har a Littafin Farawa mun karanta yadda Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu. Amma yau Allah ya ba mutane sanin da zai tsare rayuka da yawa, in an yi aiki da shi a kan lokaci.

Dalilin da a ke tayar da naƙuda a asibiti

Ciki yakan kai mako 40, in an ƙirga daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Yawancin mata naƙuda takan zo musu da kanta, ba su bukatar magani. Amma akwai lokacin da zaman jariri a ciki ya fi fitowarsa haɗari. Na ɗaya, in ciki ya kai mako 41, gama mabiyiya wadda ta ke ciyar da jariri takan fara gajiya. Na biyu, in faya ta fashe aka kwana aka wuni naƙuda ba ta zo ba, domin ƙwayoyin cuta suna iya shiga. Na uku, in jinin mace ya hau ƙwarai har a ke tsoron jijjiga. Na huɗu, in jariri ya mutu a ciki.

Kafin a ba da maganin, likita ko ungozomar asibiti sai ta duba kwanciyar jariri da girman kansa, ta tambaya ko an taɓa yi wa matar aiki. In jariri ya gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ba a ba da shi sam. In an ba da shi kuwa, kaɗan kaɗan a ke yi, ana ƙirga ɗigon ruwan, ana sauraron bugun zuciyar jariri kowane rabin awa. In abu ya ɓaci sai a tsai da ruwan nan take.

Ga amfanin zuwa awo da wuri. Matar da ba ta san watanninta ba, ba wanda zai iya cewa cikinta ya wuce lokaci. Hoton ciki da aka ɗauka a watannin farko shi ya fi faɗin gaskiyar lissafi. Kuma mace da mijinta suna da ikon su tambayi ma'aikaci dalilin sa ruwan, da abin da zai faru in an jira. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Ƙwaya ɗaya, lokaci biyu

A 2013 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta fara raba wa mata masu haihuwa a gida ƙwayar misoprostol, wadda a ke ce wa miso, tare da man shafa wa cibiya. Aikin ƙwayar shi ne ta matse mahaifa. In mace ta sha guda uku bayan jariri ya fito, an kuma tabbata babu ɗan tagwai a ciki, mahaifa takan tsuke, jini ya tsagaita. Wannan ceton rai ne, gama zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu jego.

Amma in aka ba ta wannan ƙwaya jariri yana ciki, wai don a gaggauta naƙuda, mahaifa za ta matse da ƙarfin da ya wuce kima. Jariri zai rasa iska, mahaifa kuma tana iya fashewa, mace ta zubar da jini ta ciki ba wanda ya gani. Haka allurar naƙuda ta ke in an yi ta a ɗaki. Jiƙon gida ma ba wanda ya san ma'auninsa. Kowane manomi ya san taki yana da lokacinsa. Wanda ya zuba shi a gindin shuka cikin fari ya ƙone ta.

Doguwar naƙuda sau da yawa ba rashin ƙarfi ba ne, hanya ce ta yi wa kan jariri kaɗan, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Daga nan yoyon fitsari ya ke fitowa. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya ƙara rauni. Ana gyaran yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, amma rigakafi ya fi magani. Dokar da za a riƙe ke nan: naƙudar da ta kai awa 12, kamar daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta wuce aikin gida. In da jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani, ko hannun jariri ya fara fitowa, ba a jira ko awa ɗaya.

Kwana arba'in na jego

Al'adar jego tana da kyawawan abubuwa. Mace takan huta, a dafa mata nama da kunu, 'yan'uwa su kewaye ta. Waɗannan a riƙe su. Abin dubawa shi ne tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa.

A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga sakamakon binciken da suka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza wajen lokacin haihuwa. Sun ɗora laifi a kan zafi da kanwa, gama kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama da kaya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na ciki su ma suna da hannu sosai. Shawara dai ita ce: ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jimrewa, kanwa kaɗan ko babu, a ƙara wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da zogale.

A kai mai jego asibiti ba jinkiri in ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Ko jini ya ƙi tsagaitawa. Ko tana zazzaɓi da ruwa mai wari. Ko ta shiga baƙin ciki har ta ƙi jaririnta. Ko tana lafiya, a duba ta ita da jariri a ranar farko, da rana ta uku, da cikin mako na biyu, da mako na shida. Cibiya kuma man asibiti kawai za a shafa mata, ban da toka, ban da gashi da tsumma.

Aikin ƙungiya

Yawancin asarar rai daga jinkiri ta ke fitowa: jinkirin yanke shawara, da na neman mota, da na neman kuɗi. Waɗannan ƙungiya tana iya maganinsu.

1. Da kaka, kowane ɗan ƙungiya ya ba da 'yan tiyoyin gero ko dawa a asusun haihuwa. A sayar, a ajiye kuɗin wurin ma'aji, a rubuta.
2. A yi yarjejeniya da direba ɗaya ko biyu da za su fito ko da tsakar dare, zuwa asibitin Bodinga ko Sakkwato.
3. Samari masu lafiya su je a auna jininsu, a san wanda zai iya ba da jini.
4. Magidancin da zai tafi cin rani ya bar izini a gaban shaidu cewa a kai matarsa asibiti ba sai an neme shi ba.
5. A Nuwamba 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Sakatare ya bincika tun da wuri ko wane asibiti ne ke cikin shirin.
6. Mai jego ta huta da gona, daka da ɗiban ruwa har mako shida. Zumuntar mata ta tsara masu taimaka mata.

Motar nan da asusun nan kada su tsaya ga 'yan ikilisiya kaɗai. Maƙwabcinmu Musulmi in ya buga ƙofa da dare, a tashi. Muna roƙon shugabanni su karanta wannan takarda a taro mai zuwa, maza da mata suna zaune, su kuma rubuta sunan kowace mai ciki da watan da a ke sa ran haihuwarta. Ubangiji ya sauki matanmu lafiya.