Jam'iyyun Siyasa da Makomar Fadamar Haɗejia

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, domin ya shardanta wa duk mai neman kujerar gwamna ko ta majalisa ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce za ta tsayar da shi. Saboda haka sunayen da mai ƙuri'a yake tararwa ranar zaɓe a Haɗejia, Auyo, Kafin Hausa, Guri ko Kiri Kasamma, jam'iyyu sun riga sun tace su tun watanni kafin nan, a wajen zaɓen fidda gwani, wato matakin da jam'iyya ke fitar da mutum guda daga cikin masu neman tutarta.

Tarihi ya nuna cewa jam'iyya mai aƙida tana iya sauya rayuwar talaka. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ce ta koya wa talakawa tambayar masu mulki, kuma magajiyarta PRP da ta ci jihar Kano a 1979, lokacin Haɗejia tana cikinta, ta soke haraji da jangali a ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, wadda Haɗejia ta koma cikinta, a 1991 mulki ya zagaya hannun SDP, da APP wadda ta koma ANPP, da PDP daga 2007, sannan APC daga 2015, amma da wuya a nuna bambancin manufa tsakanin na baya-bayan nan, ganin yadda manyansu ke sauya sheƙa daga wannan zuwa waccan.

Illar hakan ta fi bayyana a bakin kogin Haɗejia. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke sauka a fadama, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa, ambaliya kuma ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a 2020 da 2022. Yashe kogi da gina jinga da tsara sakin ruwa ayyuka ne na shekaru, waɗanda ke buƙatar kasafin kuɗi da haɗin kan gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Alkawarin mutum ɗaya a kan mumbarin yaƙin neman zaɓe ba ya ɗaukar wannan nauyi, sai in jam'iyya ta rubuta shi cikin manufofinta, yadda za a iya tuhumarta da shi bayan shekara huɗu.

Dokar Zaɓe ta 2022, a lokacin da take aiki, ta ba jam'iyyu damar fidda ɗan takara ta hanyar 'yar tinƙe, inda kowane mai katin jam'iyya ke zaɓe, ko ta wakilai da ake kira deliget, ko ta sasanci. A hanyar deliget ne kuɗi suka fi yin ɓarna, domin sayen deliget kaɗan ya fi sauƙi a kan shawo kan gari guda, kuma wanda ya sayi takara yakan fara da mayar da kuɗinsa kafin ya tuna da mazaɓarsa. Haka nan karɓar taliya ko atamfa a madadin ƙuri'a laifi ne a doka, ga mai bayarwa da mai karɓa.

Ya kamata ƙungiyoyin manoma da masunta da makiyaya na ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejia su yanki katin jam'iyyar da suka gamsu da ita, su riƙa halartar tarukan mazaɓa, sannan su nemi kowace jam'iyya ta bayyana a rubuce abin da za ta yi game da kachalla da ambaliya tun kafin ta tsayar da 'yan takara.