Abin da ke ƙarƙashin gonakin albasar Aliero

Tun da aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 a watan Yulin 2020, ƙarƙashin shirin sayen zinariyar ƙananan mahaƙa wanda Kebbi ke cikin jihohinsa na farko, zancen ma'adinai a jihar ya koma zancen zinariya kaɗai. Wasu gani suke ai ƙasa ɗaya ce, abin da ke Yauri ba za a rasa shi a Jega ba.

Ƙasar kuwa ba ɗaya ba ce. Yauri da Fakai da Zuru suna zaune ne kan tsofaffin duwatsu masu tauri, inda zinariya ke bin jijiyoyin farin dutse. Jega da Aliero da Maiyama suna cikin Kwarin Sakkwato, gefen kudu na ƙaton kwarin Iullemmeden da ya miƙe har Nijar da Mali. Teku ya taɓa kwanciya a wannan kwari shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, shi ya bar dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina. Da ya janye, koguna suka jibge rairayi da yumɓu, shimfiɗar da masana suka raɗa wa sunan Gwandu, marmara ta rufe samanta. Amfanin bincike na farko shi ne ya faɗa wa mai jari abin da ba zai samu ba, tun bai sayi injin haƙa ba. A irin wannan ƙasa, yumɓun masana'antu da farar ƙasa da dutsen siminti da fosfat na takin zamani ake nema.

Tsakanin 2003 da 2010 jiragen sama sun auna ƙarfin maganaɗisun ƙasar Najeriya, taswirorin na hannun Hukumar Binciken Ƙasa ta tarayya. Sai dai taswira nuni kawai take yi. Dole a sauka a ɗebi samfur, a huda ƙasa, a kai ɗakin gwaji, kuma aikin ba ya son gaggawa: a 1957 aka gano yuraniyom a arewacin Nijar, amma sai 1971 aka fara fitar da shi a Arlit.

Huda ƙasa shi ne mai cin kuɗi, kuma a nan nake ganin muna asara. Duk rijiyar burtsatse da aka haƙa a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama tana fito da ƙasa hawa-hawa, daga sama har ruwa, sai a bar ta a gefe damina ta wanke. Masu haƙar rijiya ma sun san gaba nawa ake yi kafin a wuce marmara a tarar da farin yumɓu, ba mai tambayarsu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Da za a ɗora wa kowane ɗan kwangila sharaɗin ɗibar samfur duk bayan mita uku, ya rubuta wuri da zurfi ya kai mata, da ɗalibai sun haɗa taswirar ƙarƙashin yankin da kuɗi ƙalilan.

Gwajin da ke auna darajar dutse shi ne kuma ke tona gubarsa. Dutsen zinariyar da aka riƙa niƙawa cikin gidaje a Zamfara cike yake da dalma, kuma a 2010 ya kashe yara sama da 400.