Ko Kun Sani? Rim Na Zubi Daban, Na Ƙira Daban

Yawancin rim ɗin alminiyam da ke ƙafafun motoci na zubi ne: a narkar da ƙarfen a zuba a mazubi, kamar yadda ake yin tukwanen sanholo. Yana da arha, amma iska takan maƙale a cikinsa ta bar ƙananan ramuka, shi ya sa ake yi masa kauri. Duk da haka, in ya faɗa babban rami yakan tsage.

Na ƙira ba a narkar da shi. Curin alminiyam ake gasawa, inji ya danne shi da ƙarfin dubban tan har ƙarfen ya cure, sannan a fere shi. Kamfanin Rays na Japan yana da injin da ke matsa da tan 10,000, kuma rim ɗinsa TE37, wanda ya fito a 1996, kilo 3.7 kacal ne nauyin mai inci 15. Rim na ƙira ya fi lanƙwashewa a kan tsagewa. Kuɗinsa kuwa yakan ninka na zubi sau da yawa.

Sai dai ba duk na ƙira ne ɗaya ba. Wasu kamfanoni curin kawai suke saya su fere, ba gwajin kirki. Akwai ma na zubi da aka murza bakinsa da inji, ake tallarsa da sunan ƙira. Ko tambarin inganci na JWL da ake gani a jikin rim, kamfani ne da kansa ke buga wa kayansa. Na VIA ne ke nuna wata hukuma daban ta gwada, ko da yake masu jabu shi ma suna kwaikwayonsa.