Giwan Ruwa da Ɗan'uwansa Barramundi: Halitta, Dabarun Kamu da Matsalar Babban Kifi

1.0 Gabatarwa

Bahaushen da ke zaune a Amurka, kamar 'yan Nijar ɗin da suka yi yawa a birnin Greensboro na Karolina ta Arewa, yakan ci karo da farar tsokar kifi daskararriya a manyan kantuna, an rubuta mata suna barramundi. Sunan baƙo ne, amma kifin ɗan gida ne ta wajen dangi. Masana halitta suna kiransa Lates calcarifer, sunan da ya samo asali daga bayanin Bloch na 1790, suna kuma kiran giwan ruwan Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi Lates niloticus, wanda Linnaeus ya bayyana a 1758. Zuriyarsu ɗaya, sifarsu ta yi kusa, farautarsu iri ɗaya ce. A wajen haihuwa suka rabu, kuma wannan rabuwa ce maƙalar ta fi mayar da hankali a kai, domin ita ke nuna kifin da ya kamata a ɗauka da wanda ya kamata a saki.

2.0 Sifa da Farauta

Dukkansu suna da doro, da kai mai gangarowa, da babban baki wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya ɗan zarce na sama. Ba su cika bin abinci da dogon gudu ba. Laɓewa suke yi a gindin kututture ko dutse ko gaɓar da ruwa ya rarake, in ƙaramin kifi ya gifta sai su wage baki farat ɗaya, ruwa ya afka ciki tare da shi. A bayan idonsu akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke ba su damar gani a ruwa mai laka da kuma cikin duhu, shi ya sa suka fi cin abinci da asuba da almuru.

Giwan ruwa ya fi girma, yakan kai mita 2 da kilo 200. Barramundi yakan tsaya a wajen mita 1.8 da kilo 60. Mazauninsa ya faro daga Tekun Fasha har zuwa kudancin Sin da Papuwa Niyu Gini da arewacin Ostareliya.

3.0 Inda Suka Rabu

Giwan ruwa a ruwa mai daɗi yake haihuwa, a nan yake girma, kuma namijinsa namiji ne har mutuwa. Barramundi ba haka yake ba. Ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa sai a ruwan gishiri, don haka da damina ta kusa manya sukan gangara zuwa bakin koguna su yi ƙwai a lokacin da teku ke cika sosai, wato da tsayuwar wata da cikarsa. 'Ya'yan sukan shige fadamun da ruwa ya malale, daga nan su haura kogi su yi 'yan shekaru. Wannan ne dalilin da ya sa barramundin da ake zubawa a madatsun ruwa irin su Tinaroo da Awoonga a jihar Kwinsland yake ƙiba ƙwarai amma ba ya hayayyafa, sai dai a riƙa ƙara zuba sababbi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne sauyin jinsi. A Ostareliya kusan dukkan barramundi maza suke fara balaga, suna da shekara 3 zuwa 4. Bayan sun yi wasu damuna suna barbara, sai su rikiɗe su koma mata yayin da tsawonsu ya doshi santimita 80 zuwa 100. Ke nan duk wanda ya fito da barramundi mai tsawon mita, kusan tabbas uwa ya fito da ita, kuma babbar uwa guda tana iya zuba ƙwai fiye da miliyan 30 a kaka ɗaya. Dokar Kwinsland a kan wannan ta ginu: an hana ɗaukar wanda bai kai santimita 58 ba, an kuma hana ɗaukar wanda ya wuce 120, sannan a gaɓar gabas ana rufe kamu daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu.

4.0 Dabarun Kamu

Mai fatsa a arewacin Ostareliya yana jiran ƙarshen damina, wajen Maris da Afrilu, lokacin da ruwan fadama ke janyewa yana koro ƙananan kifaye da jatan lande zuwa kogi. A bakin irin waɗannan magudanai barramundi ke tsugunawa. Ana jefa masa ɗanyen kifi mai rai ko kifin roba, a ja shi a hankali daf da kututture. Sanyi yana kashe masa kuzari, ya fi cizo in ruwa ya yi ɗumi. Igiyar da ke kusa da ƙugiya dole ta yi kauri, domin gefen murfin kunnensa yana da kaifi, kuma in ya ji ƙugiya tsalle yake yi yana girgiza kai. Basarken da ya saba da janyewar ruwan fadamar Rima ba zai ga wani sabon abu a nan ba, in ban da kayan aikin.

A ƙasar Hausa kalli da taru da mamari ne suka fi kama giwan ruwa. A Argungu kuwa, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, homa da gora ake shiga da su Matan Fada, kuma wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ke cin gasa. A 2005 wanda ya yi nasara ya kai kilo 75. Giwan ruwa bai sauya jinsi, amma matansa sun fi maza girma kuma sun fi jinkirin balaga, saboda haka kifi mai wannan nauyi galibi mace ce.

Ba daidai ba ne a ɗora wa bikin laifi a kan haka. Kamun na ɗan lokaci ne, kuma hana su a wannan yanki na kogin kafin biki wata rufe kaka ce ta gargajiya. Ɓarnar tana wajen kamun yau da kullum: koma mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'ya kafin su balaga, mamari yana tsince iyaye. A Tafkin Biktoriya, inda aka zuba giwan ruwa a shekarun 1950 har ya cinye nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa, ƙasashen Yuganda da Kenya da Tanzaniya sun kai ga kafa ƙa'idar ɗaukar mai tsawon santimita 50 zuwa 85 kawai. Ƙa'idar ta gamu da cikas daga kasuwar jakar iskar da ke cikin kifin, wadda ake busarwa a kai Sin, domin farashinta yana hauhawa ne gwargwadon girman kifin da aka ciro ta daga cikinsa.