Jirgin da inji ke mutuwa in ya dunƙufar da kai

Iyaye mata da dama na yi mana ƙorafi cewa yara sun liƙe wa wasannin jiragen yaƙi a kwamfuta, kuɗin cefane na tafiya can. Ƙorafin na kan hanya, amma yau ga labarin da ke ɓoye cikin wasan.

A shekarar 1940, lokacin da Jamus ke ruwan wuta kan Ingila, jiragen Ingilishi, Spitfire da Hurricane, suna da wani aibi. In matuƙi ya dunƙufar da hancin jirgi ƙasa farat ɗaya, sai man da ke cikin karbureta ya watsu sama, kamar ruwan bokiti in amalanke ya faɗa rami. Inji ya rasa mai, jim kaɗan kuma man ya yi masa yawa, ya shaƙe, har ya mutu. Jirgin Jamus, Messerschmitt 109, famfo ne ke tura masa mai, don haka da ya ga uwar bari sai ya sulmiyo ƙasa ya tsere. Dole Ingilishi su fara kifa jirginsu ruf da ciki kafin su bi shi, kuma ƴan daƙiƙun nan sun ci rayuka.

Wa ya kawo sauƙi? Mace ce, injiniya Beatrice Shilling, gwanar tseren babur. Ta ƙera wani ɗan faifan tagulla mai huda a tsakiya, wanda ke ƙayyade man da ke shiga. A 1941 aka bi sansanoni ana saka shi. Bai kawar da cutar duka ba, sai da aka sauya karburetan daga baya.

Masu haɗa wasanni irin IL-2 Sturmovik, wanda ya fito daga Rasha a 2001, suna ƙoƙarin sa wannan aibi yadda yake, har injin yaro ya yi tari in ya yi gaggawa. Ƴan wasa kuwa ba sa raga musu: wannan ya ce an fifita jirgin Jamus, wancan ya zaro tsofaffin takardun gwaji. Ku ƴan kasuwa kun san rigimar, ta tiya ce da aka bubbuge wa gindi. Mu dai muna tare da masu neman a cika mudu, ko da jirgin da suke so ne zai sha kashi.

In kuka ji yaro na kukan wasa ya lalace, inji ya ɗauke, ku tambaye shi yadda ya tura hancin jirgin.