Mai Babur da Tuhumar Gudun Wuce Kima a Hanyar Kurfi da Dutsin-Ma

Hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, tana cikin hanyoyin da babur ke ɗauke da kaso mai yawa na zirga-zirgar jama'a, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, ɗalibai da ma'aikata suka ƙaru, kasuwar Laraba kuma ta ci gaba da janyo mutanen ƙauyuka da buhunansu da awakinsu. Da yawa daga cikin masu hawa wannan hanya, 'yan acaba ne ko masu mashin na kansu, ba su san cewa ƙa'idojin tuƙi na Nijeriya sun ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 cikin sa'a guda ba, a cikin gari da kuma a kan babbar hanya, alhali an yarje wa ƙaramar mota ta kai 80 idan ta fita gari. Ke nan ɗan acaban da ya jera da tasi a bayan Kurfi yana murɗa totur don kada a bar shi baya ya riga ya karya doka, ko da direban tasin bai karya ba.

Wannan iyaka tana da dalili da lissafi ke tabbatarwa. Babur mai gudun kilomita 50 yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun 80 kuwa yana cin kusan mita 22, kuma ƙarfin karon da zai yi ya ninka na farkon fiye da sau biyu da rabi, domin ƙarfin karo yana hauhawa fiye da yadda gudun kansa yake ƙaruwa. A hanyar da akuya kan yi tsalle daga gona, amalanken shanu kan fito daga burtali ba sallama, yaro kuma kan ƙetare kwalta da tiren talla a ka, tazarar mita takwas a daƙiƙa ita ce bambanci tsakanin wanda ya taka birki ya tsaya da wanda aka kwasa zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar da aka sabunta a 2007, ita ce aka fi sani da wannan kamu, ko da yake 'yan sanda da jami'an KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Katsina, su ma suna tsare masu babur bisa dokokin da suka ba su iko. Jadawalin dokar 2007 ya sanya tarar naira 3,000 a kan wuce ƙa'idar gudu, naira 2,000 a kan hawa babur ba hular kwano, naira 10,000 a kan lodin da ya wuce kima, wata naira 10,000 a kan tuƙi ba lasin da ya dace, sannan naira 50,000 a kan tuƙin ganganci. Abin lura a nan shi ne laifin gudu shi kaɗai yana cikin masu sauƙin tara, amma da wuya ya zo shi kaɗai, domin jami'in da ya tsayar da mashin saboda gudu zai tambayi lasin aji na A, wanda shi ne na masu babur, ya duba lamba da takardun mallaka, ya ƙirga mutanen da aka goya, kafin a ankara tarar dubu uku ta zama ta dubu ashirin da wani abu.

A wannan yanki rashin takardu yana da nauyin da ya wuce na tara. Tun da 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu a dazuzzukan Safana da Batsari da Ɗanmusa, waɗanda ke kusa da Kurfi da Dutsin-Ma, mashin marar lamba ya zama abin tuhuma, har gwamnan jihar na wancan lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar taƙaita matsalolin tsaro a ƙarshen watan Agusta na 2021, wadda ta hana mutum uku hawa babur guda, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanci. Gaskiya ne cewa tsoron kada almuru ta yi wa mutum a daji yana cikin abin da ke sa masu babur sakin gudu, kuma uzuri ne da ya cancanci a saurara, sai dai wanda ya ga shinge ya ƙi tsayawa a irin wannan hanya ya jefa kansa cikin zargin da ya fi na gudu muni nesa ba kusa ba.

Takardar da jami'in FRSC ke rubutawa a bakin hanya, wadda ke ɗauke da sunan mai laifi da lambar babur da wuri da lokaci da kuma irin laifin, sanarwar tuhuma ce, kuma ba ta zama hukunci sai da yardar wanda aka bai wa ko da umarnin kotu. Doka ta buɗe masa ƙofa biyu. Ta farko ita ce ya biya tarar cikin wa'adin da aka rubuta, ta banki zuwa asusun gwamnati da lambar biya, ya riƙe rasit, ya koma ofishin hukumar, inda galibi akan zaunar da shi ya saurari ɗan darasi kan ƙa'idojin hanya kafin a mayar masa da mashin ko takardunsa. Wanda ya bi wannan ƙofa ya sani cewa ya sarayar da haƙƙinsa na a yi masa shari'a, wato ya karɓi laifin ke nan, kuma ga mutumin da ya san malejinsa ya haura iyaka, ita ce hanya mafi arha kuma mafi mutunci. Ƙofa ta biyu ita ce ya ƙi biya ya zaɓi a gurfanar da shi. Abin da mutane suka mayar ƙofa ta uku, wato dunƙule 'yan kuɗi a miƙa a ce na goro ne, laifi ne mai zaman kansa da jadawalin ya yanka wa naira 10,000, ba ya barin rasit, kuma ba ya hana a sake tsare mutum a shinge na gaba.

Jinkiri ma yana da farashi. Idan an riƙe babur ya wuce sa'a 24, dokar ta 2007 ta ɗora kuɗin ajiya na naira 200 a kowace rana, idan kuma mai shi ya yi watsi da shi har wata shida, hukumar na iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata shi. Ga ɗan acaban da ke kai wa maigidansa balas kullum, ko wanda ya karɓi babur ƙirar Boxer bashi yana biya mako-mako, kowace rana da mashin ya kwana a harabar ofis asara ce da ta fi tarar kanta.

Shari'ar irin wannan laifi tana zuwa gaban majistare, ko dai a zauren kotunsa, ko a kotun tafi-da-gidanka, wadda Babban Jojin jiha ke da ikon kafawa domin a yanke wa masu laifin hanya hukunci nan take. Ganin teburi da kujeru a ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya a gefen titi kan sa wasu su ɗauka wasa ne, alhali wanda ke zaune a can alƙali ne cikakke, hukuncinsa na iya kai mutum gidan gyaran hali idan ya kasa biyan tara. Haka kuma duk haƙƙin da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa wanda ake tuhuma yana nan daram a ƙarƙashin wannan rumfa: ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, dole a bayyana masa tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta idan da Turanci ake magana, a ba shi isasshen lokacin shiri, ya kare kansa da bakinsa ko ta hannun lauya, ya kuma yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi. Sashe na 35 ya ƙara da cewa wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Wurin da aka fi yin asara shi ne lokacin da magatakarda ya karanta tuhuma ya tambaya ko an amsa laifi. Da yawa kan gyaɗa kai domin a gama a sallame su, ba tare da sun bambance tuhumar wuce ƙa'idar gudu da ta tuƙin ganganci ba, ga shi kuwa tsakaninsu akwai naira 47,000, kuma ta biyun na iya haɗawa da ɗauri. Wanda bai fahimta ba ya ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita mini da Hausa," babu raini a cikin wannan. Idan ya amsa, majistare zai ba shi damar roƙon sassauci kafin yanke hukunci, kuma a nan ne ake faɗin cewa karon farko ne, ko mara lafiya aka ɗauko zuwa asibiti, ko akwai iyali da ke ci daga wannan mashin, a faɗe shi a taƙaice kuma da gaskiya, domin alƙalin da ya saurari mutum talatin tun safe yana gane ƙagaggen labari. Idan ya musanta, nauyin hujja yana kan mai gabatar da ƙara, wanda Dokar Shaida ta 2011 ta wajabta masa tabbatar da laifi ba tare da sauran kokwanto ba. Wanda ake tuhuma na iya tambaya cikin ladabi ko da na'urar auna gudu aka kama shi ko da ƙiyasin ido, nawa na'urar ta nuna, yaushe aka gwada ingancinta, kuma yaya aka tabbatar nasa babur ta auna ba motar da ke gefensa ba. Akwai ma batun hurumi, domin a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa ikon FRSC ya tsaya a kan hanyoyin tarayya, amma wannan hujja ce ta gaban alƙali, wadda ta fi kyau a bakin lauya. Mai ɗaga ta a bakin titi yana cacar baki da jami'i sai dai ya ƙara wa kansa tuhumar hana ma'aikaci aikinsa.

Idan aka ɗage zama, laifi irin wannan ana bayar da belinsa, yawanci da mai tsayawa guda wanda aka san mazauninsa, kuma wanda aka ba beli ya ƙi dawowa ranar da aka sa ya jawo a ba da takardar kama shi, ya kuma jefa wanda ya tsaya masa cikin biyan abin da ya ɗauki alkawari. Wanda hukunci bai gamsar ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha cikin wa'adin da doka ta sa, marar ƙarfin ɗaukar lauya kuwa na iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin talakawa.

Al'amarin yakan sauya kama gaba ɗaya idan gudun ya jawo rauni ko rasa rai, domin a nan babu zancen takardar tara. Fayil ne a hannun 'yan sanda, kuma dokar hanyoyin tarayya ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara bakwai ga wanda tuƙin gangancinsa ya kashe mutum. Sulhun da dattawa kan ƙulla tsakanin iyalai, a ɗauki nauyin magani ko a yafe don Allah, abu ne mai kyau da kotu kan duba wajen sassauci, amma ba ya shafe ƙarar da hukuma ta shigar sai kotu ta amince.

Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba na Dutsin-Ma da Kurfi su riƙa tara mambobinsu a tasha suna karanta musu jadawalin tara da Hausa, su taimaka musu su yanki lasin aji na A da lambar babur, su kuma ware mutum guda da zai raka duk wanda aka gurfanar zuwa kotu, ya tabbatar an ba shi tafinta kafin ya buɗe baki ya amsa tuhuma.